Dashen Haƙori: Sai Na Ga Ƙashin Tukuna

Wata Asabar wani dattijo ya zo asibitinmu, ya zauna, ya zaro ɗan ƙyalle daga aljihun babbar rigarsa ya kwance a gabana. Haƙoran roba ne guda huɗu a jere, goro ya rina su ja. Ya ce, "Likita, shekara shida ke nan ina cire waɗannan in zan ci nama, in mayar in zan shiga mutane. Na gaji. An ce kai kana dasawa." Na ce, "Baba, muna dasawa, amma sai na ga ƙashin tukuna." Ya dube ni ya ce, "Haƙori na zo nema, ina ruwanka da ƙashi?"

Kusan duk wanda ya zo mana da giɓi haka yake tambaya, kuma amsar ita ce sana'ar tamu gaba ɗaya. Abin da muke dasawa ɗan ƙarfe ne na titaniyom mai kama da noti, kaurinsa wajen milimita 4, tsawonsa galibi tsakanin milimita 8 zuwa 13. Shi ake ɗaurawa cikin ƙashin muƙamuƙi ya zama saiwa. Sai a rufe, a bar shi wata uku zuwa shida har ƙashin ya tsiro ya kama shi gam. Bayan nan ne ake ɗora masa ɗan wuya, a kan wuyan kuma a kafa farin haƙorin da mutane ke gani. Farin nan shi ne ƙarshen aiki, kuma shi ne mai sauƙin.

Wani likitan ƙasar Suwidin, Farfesa Branemark, shi ya gano wannan sirri a shekarun 1950. Yana bincike ne a kan gudun jini cikin ƙashin zomo, ya sa wani ɗan bututun titaniyom a ƙafar zomon, da ya zo cirewa sai ya tarar ƙarfen da ƙashin sun zama abu guda. A 1965 ya yi wa mutum na farko dashe a birnin Gothenburg, mutumin kuwa ya ci abinci da haƙoran nan shekara 40 har ya bar duniya. Ina yawan ba marasa lafiyata wannan labari, don su san ba sabon abu muke gwadawa a bakinsu ba.

Ni a Alƙahira na koyi dashen, bayan na yi shekaru ina cire haƙori da cike rami da haɗa na roba. Malaminmu tsoho ne mai ƙarancin magana. Sati biyu na farko bai bar mu mun taɓa bakin mutum ba, haƙarƙarin saniya ake kawo mana daga mahauta mu yi ta hudawa. Yakan tsaya a bayana, ya ɗora hannunsa a kan nawa, ya ce in saurari ƙarar injin, don ƙashi mai tauri da mai taushi ba ƙara ɗaya suke yi ba. Shi ya fara gaya mini cewa in zafin ƙashi ya kai digiri 47 ya ɗauki minti ɗaya a haka, wurin ya mutu, kuma mataccen ƙashi ba ya riƙe dashe. Shi ya sa ake huda a hankali, ana sauya bakin mahudi daga siriri zuwa mai kauri, ruwan gishiri mai sanyi na kwarara ba tsayawa. Har yau in na kama injin nan sai in ji kamar hannunsa na kan nawa. Allah Ya jiƙansa.

Kafin a kai ga huda kuwa akwai hoto. Ba na dasa komai sai an ɗauki hoton muƙamuƙi irin wanda ke nuna tsawo da faɗi da zurfin ƙashi a kwamfuta. A muƙamuƙin ƙasa akwai wata jijiya kwance cikin ƙashi, in ƙarfe ya taɓa ta leɓe da haɓa su sandare, wani sa'in har abada. A sama kuma akwai kogo a gefen hanci, daidai kan haƙoran tauna na baya. Ga kuma abin da mutane ba su sani ba: ƙashi na zaizayewa ne daga ranar da haƙori ya fita, don ba shi da abin riƙewa. Wanda ya bar giɓi shekara da shekaru sau da yawa sai mun fara yi masa cikon ƙashi, ya jira watanni, sannan a dasa. Haka aka yi da dattijon nan.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu kawo kaya. Akwai kamfanonin da duniya ta sani, irin su Straumann na Suwizalan da Nobel Biocare da Osstem na Koriya ta Kudu, kowane dashe nasu a rufe yake cikin kwalbarsa da lambarsa. To sai ga wani ya shigo da jaka, ya ce yana da irinsu sak a rabin kuɗi. Sau ɗaya na karɓi samfur don in duba, na ɗora wuyan a kan notin, sai na ji yana ɗan lilo. Wannan ɗan lilon da ido ba ya gani, nan ƙwayoyin cuta za su tare, nan noti zai kwance ko ya karye bayan shekara biyu, lokacin mai jakar ya sauya lambar waya. Na mayar masa da kayansa. Mu kowa muka yi wa dashe sai mun manna lambar dashensa a katinsa mun ba shi, ko Jidda ya je likitan can zai san abin da ke bakinsa.

Sai kuma masu sa haƙori na bakin kasuwa da tasha, waɗanda ke kwaɓa hodar roba su liƙa ta a jikin haƙoran da ke maƙwabtaka da giɓin, su ce wa mutum sun yi masa dashe. Wata baiwar Allah ta zo mana da irin wannan, dasashinta ya kumbura yana jini, ba ta iya goge ƙarƙashin abin tun da aka sa. Da muka yanke shi, lafiyayyun haƙoranta biyu sun riga sun ruɓe. Giɓi ɗaya ta kai musu, ta dawo da uku. Ran nan ban iya cin abincin rana ba. Duk wanda zai huda maka ƙashi, ka tambaye shi rajistarsa ta Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, ka ce ya nuna maka tukunyar da yake dafa kayan aikinsa. Tamu tana nan a ɗakin baya, kowa ya so zan nuna masa.

Masu ciniki ma ba a rasa su. "Haba Likita, ɗan ƙarfen nan da bai kai tsinken ashana ba?" Ba na jin haushi, nakan juya musu allon kwamfuta su ga jijiyar da zan wuce ta kusa da ita. Akwai kuma waɗanda nake mayarwa ko da kuɗinsu a hannu. Mai ciwon suga da bai daidaita ba, sai ya je ya daidaita ya kawo mini gwaji. Mai shan taba sai mun yi magana ta gaskiya, don hayaƙi na hana wurin warkewa. Yaron da ƙashinsa bai gama girma ba sai ya jira. Mai ciwon dasashi sai mun warkar da shi tukuna, don cutar da ta ci haƙorin asali tana iya cin ƙashin da ke riƙe da dashe.

Inda na fi jin daɗin aikin shi ne ranar zaɓen launi. Haƙorin mutum ba fari fat ba ne, kusa da dasashi ya fi duhu, bakinsa kuma haske na ɗan ratsa shi. Nakan fitar da mara lafiya bakin taga, don hasken ƙwan lantarki na yaudarar ido, in yi ta gwada samfura har in sami wanda ya ɓace cikin 'yan'uwansa. Wata Hajiya ta roƙe ni kada in toshe mata wushiryarta, ta ce da ita aka san ta a danginsu, muka auna faɗinta daga tsohon hotonta muka bar ta yadda take. Wata kuma cewa ta yi a kewaye haƙorinta na Makka kada a taɓa, haka aka yi.

Dattijon nan wata tara muka yi da shi daga cikon ƙashi zuwa ranar da na ɗaure masa na ƙarshe. Na miƙa masa madubi, ya daɗe yana kallo bai ce komai ba, sannan ya ce, "Allah Ya yi maka albarka, ɗana." Na koya masa yadda zai riƙa bi da ɗan siririn buroshi tsakanin haƙoran bayan asuwaki, na ce duk wata shida ya dawo in duba. Yana zuwa kuwa, bai taɓa saɓawa ba. Zuwansa na bayan Babbar Sallah da ƙaninsa ya taho, shi ma da nasa ƙyallen a aljihu, muka tura shi ɗaukar hoto.