Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Abin da Ke Tsirowa a Gindin Randa

Makon jiya na tsaya a inda Baba ya tafi aikin auduga a yankin Jazira na ƙasar Sudan, Inna tana da tsohon ciki, aka ɗauke ni aka kai ni wurin Kaka a Mai Wurno. Shekarata 9, kuma daminar 1988 ce, wadda ruwa ya ci gidaje a Khartum.

Garin yana bakin kogin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar kaɗan. Sunan Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya ci gaba da hijira gabas bayan Turawa sun kashe mahaifinsa a Burmi a 1903. Mahaifin Kaka a cikin wannan ayarin ya zo yana yaro. Shi ya sa kowane ganye a gidanta sunansa biyu, na gida da na nan. Ɗoɗɗoya a kasuwa raihan ce, zoɓo karkade ne, filasko sanamakki, bagaruwa garad. In na kira abu da Larabci a tsakar gida sai ta ce, "Ke kishiya, faɗa da bakin ubanki."

Kaka ba ta da lambu irin wanda ake kewayewa da dannin ƙaya. Randuna biyu take da su, waɗanda mutanen nan ke kira zir, a kan ƙafar ƙarfe ƙarƙashin darbejiya. Randa tana tsatsafo dare da rana, ɗigo-ɗigo, to a inda ɗigon yake sauka ta dasa na'a-na'a. Ba da iri ta shuka ba. Reshe uku ta roƙo wurin maƙwabciya, ta tsige ganyen ƙasa, ta binne su zuwa gaɓa ta biyu, kafin mako biyu sun kama. Na'a-na'a tana son inuwa da danshi, kuma yaɗo take yi ta ƙarƙashin ƙasa, in ba a tare ta ba sai ta cinye wurin kowa, don haka ta kafa mata fasassun tukwane a kewaye. Inda take alwala kuma ɗoɗɗoya ce. Aikina kowace safiya in tsinke furenta da farce, domin da zarar ta yi fure ganyen ya rage, ƙamshin ma ya ja baya.

Bayan abincin dare sai shayi da na'a-na'a, kullum, ko akwai mai ciwo ko babu. Ta ce yana kwantar da ciki ya fitar da iska. Ba ta tafasa ganyen, sai ta sauke buta sannan ta jefa, ta rufe.

Amma abin da ya fi zauna mini a rai zogale ne. A watan Agusta kogin yana gangarowa daga duwatsun Habasha jawur da laka, mai jaki ya kawo mana ruwa kamar kunun kanwa. Kaka ta sa in tsinko busassun ƙwanson zogale, mu ɓare, mu cire fukafukin, ta daka farar ƙwayar lukwi. Ta ƙulle garin a tsumma mai tsabta, ta dinga juya shi cikin ruwan a hankali, ta rufe, ta ce kada in taɓa. Kafin mu idar da la'asar laka ta kwanta a ƙasa, ruwa ya yi garau har ina ganin fuskata. Ranar farko na ɗauka addu'a ta tofa. Matan Larabawa na bakin kogi sun daɗe da sanin wannan, har suna kiran itacen rawwak, wato mai tace ruwa. Da na girma na fahimci cewa ƙwayar tana da wani sinadari mai tattara ƙurar laka ya dunƙule ta har ta nutse, ta tafi da ƙwayoyin cuta da yawa, amma ba duka ba. Kaka ba ta yi boko ba, duk da haka ruwan da jariri zai sha sai ta tafasa shi bayan an tace. Ganyen kuwa kwaɗo muke yi da ƙuli-ƙuli sau biyu ko uku a mako.

Da sanyi ya shigo ta watsa hulba a tsohon kwano mai huji, irin ta kasuwa da ake saye wurin mai kayan ƙamshi, cikin kwana huɗu ta tsiro. Da Inna ta haihu, kunun hulba da madara aka yi ta dama mata har ta yi arba'in, ɗakin duka ya ɗauki warinta. Amma lokacin da cikin yake jikinta Kaka ta hana ta sha da yawa. Filasko ma da ya fito da kansa a bayan ɗaki ba ta bari a taɓa sai da izininta, ta ce wanda ya mayar da shi abin sha na kullum hanjinsa zai mutu, ya kasa bayan gida sai da shi.

Wannan iyakar ita nake so masu karatu su riƙe, don yau ina ganin mutane a Facebook suna cewa ganye kaza yana maganin cuta 40, abin yana ƙona mini rai. A ƙarshen daminar nan zazzaɓin sauro ya kama ni, ina rawar ɗari, haƙorana suna haɗuwa. Wata baƙuwa ta ce a dafa mini ganyen darbejiya in yi surace. Kaka ta yafa mayafinta ta ce, "Baiwar Allah, ganye na mai lafiya ne, don kada ya kwanta. Wanda ya riga ya kwanta na likita ne." Ta goya ni da tsufanta har bakin titi, muka shiga motar Sinnar.

Kwana 3 muka yi a asibiti. Da muka dawo randunan sun bushe ƙaf, babu wanda ya tuna ya zuba ruwa, na'a-na'ar ta kwanta baƙi ƙirin. Na fashe da kuka. Kaka ta durƙusa ta tona da yatsa, ta nuna mini farar saiwa tana nan da ranta, ta ce in je in kira mai jaki.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin dawowar Baba daga Jazira da abin da ya zo da shi.