Fadar da na samu a bakin filin tsere

Mutumin Adar ba a koya masa tafiya. Kakanninmu sun yi Kumasi, iyayenmu sun yi Abijan, sa'o'ina da yawa Libiya da Aljeriya suka nufa. Ni rabona Faransa ya kai ni, wani gari da ake kira Le Mans, tafiyar awa ɗaya daga Paris a jirgin ƙasa mai gudu. Kanikanci na koya a Tawa tun ina yaro, shi ne kuma ya ci da ni a can. Da takardu suka daidaita na samu aiki a wani ƙaramin gareji: juyen mai, birki, taya, daga safe har shida na yamma.

An ba ni labarin sanyi, an ba ni labarin tsada. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne babu fada. A tashi aiki kowa ya faɗa motarsa ya ɓace. Ba tabarma a ƙofar gida, ba wanda zai ce maka zo ka sha shayi na biyu. Maƙwabci sai ku shekara gaisuwa ɗaya ce tsakaninku, ita ma a kan matakala. Sai daga baya na gane su ma suna da tasu fadar, amma da takarda ake shigarta. Masu kamun kifi da ƙungiyarsu, masu keke da tasu, kowace da kuɗin shekara da ranar taro, duka a ƙarƙashin wata doka ta 1901. Wanda bai shiga ko ɗaya ba zai mutu da kewa yana cewa mutanen ba su son baƙo.

Le Mans kuwa garin mota ne. Tun 1923 ake yin tseren awa 24 a nan, ƙungiyar masu motoci ta yammacin Faransa, ACO, ke shirya shi, kusan kowace shekara cikin watan Yuni. Zagaye ɗaya ya haura kilomita 13, kuma wani yanki nasa titin kowa da kowa ne, wanda ke fita zuwa Tours, ana rufe shi lokacin tseren. A kan wannan miƙaƙƙen titi wata mota ta taka sama da kilomita 400 a awa a 1988, bayan shekara biyu aka sa masa lanƙwasa biyu don a rage musu gudu. Cikin babban filin akwai ƙarami mai suna Bugatti, kilomita huɗu da 'yan kai. Shi ne namu, mu 'yan sha'awa. Akwai ranakun da ake buɗe shi ga duk mai permi da hular kwano da motar da ba ta yoyon mai.

Wani dattijo ne ya kai ni, tsohon ma'aikacin kamfanin Renault da ke garin, ya yi ritaya. Yana kawo mana wata tsohuwar mota Clio da ya cire wa kujerun baya da kafet, kuma kullum man birki yake so a canza masa. Na ce masa, Baba, wannan man ai bai tsufa ba, asarar kuɗi kake yi. Ya yi dariya ya ce in zo ranar Asabar in ga abin da ke tsofar da shi.

Da sassafe ake tara kowa a yi bayani, kuma wanda bai halarta ba ba ya shiga, ko da Porsche ya zo. A nuna tutoci: rawaya, akwai haɗari a gaba, ka rage gudu, kada ka wuce kowa. Shuɗiya, wanda ya fi ka gudu na bayanka. Ja, kowa ya lallaɓa ya koma. Baƙa kuwa taka ce kai kaɗai, fito, akwai magana. A raba mutane rukuni-rukuni, sabbi daban, kowane rukuni ya yi kamar minti ashirin ya fito. Ba a ba da kofi, ba na ɗaya ba na biyu.

Sabon shiga ba ya ɓuya. Hannunsa ya ƙanƙame sitiyari, idonsa na kan hancin motarsa, ya shiga kwana da wuri, sai ya tarar titi ya ƙare masa kafin kwanar ta ƙare, ya yi cikin tsakuwa. Malamin da ya zauna kusa da ni ranar da na fara shiga da tawa, wata Peugeot 206 da na saya da araha na gyara da hannuna, magana biyu ya yi ta nanatawa: ka gama birki motar na miƙe, kuma ka kai idonka can inda kwanar ke fita. Kafin zagaye na uku rigata ta jiƙe, tuta shuɗiya kuwa na gan ta har na gaji. Wata mata da ta haife ni ta wuce ni da 'yar ƙaramar mota Twingo.

A nan ne kanikancina ya yi mini rana. Sabbi da yawa sun karanta komai a intanet amma ba su taɓa riƙe sifana ba. Mutum zai fito fuska ba jini, ya ce birki ya tafi ƙasa, ya taka ba komai. Man ne ya tafasa. Man birki yana shan danshi in ya daɗe, zafi na hawa ya zama tururi a cikin bututu, shi kuma tururi matsuwa yake yi. Ga amsar tambayar da na yi wa dattijo. Iskar taya ma ƙaruwa take in ta ɗauki zafi, sai an rage bayan zagayen farko. In ka fito kuma kada ka ja birkin hannu, faranti na da zafin da zai manne da takalmin birki, sa giya ka bar ta ta huce. Na kwanta ƙarƙashin motocin mutanen da a cikin gari ba za mu taɓa haɗa ido ba, likita, malamin lakol, wani ma jandarma. Yanzu suna kirana da sunana, kuma sun iya faɗarsa daidai. Abincin da garin ke alfahari da shi naman alade ne da ake shafawa a burodi. Tun da na ce ba na ci, wani ke zuwa da na kaza ba tare da an yi dogon zance ba. Ni kuma na kawo ƙaramar buta da murhun gas. Shayin farko ya yi musu ɗaci, na uku suke jira. Azahar a bayan motata nake yi, ba wanda ya taɓa ɗaga kai.

Da na zo hutu Tawa na nuna bidiyon tuƙina a fili a tsohon garejinmu, yara suka yanyame waya. Tambaya ɗaya ce a bakinsu: "Yaya, nawa ka taka?" Maigidana, wanda ya koya mini aiki, ya kalla shiru, sannan ya ce, "Wato kai ke biya, ka ƙona tayarka, ka ƙona manka, ka dawo inda ka tashi?" Na ce haka ne, Maigida. Ya ce shi ya ga tseren Paris-Dakar da idonsa lokacin da yake ratsa Agadez da Tawa da Yamai, waɗancan ko ba komai akwai inda suka dosa.

Ban yi masa musu ba, amma yaran na tsaya na yi musu bayani, don na san cikinsu akwai masu wasa da mota ranar ɗaukar amarya, suna juya ta cikin ƙura mutane na tsaye a gefe ba shinge. Mu nan gwanin direba shi ne wanda ya wuce tirela a kwana kan hanyar Konni fasinja na salati. A can wannan ko zagaye biyu ba zai yi ba za a ɗaga masa baƙar tuta. Su ma ba da wayo aka haife su ba: a 1955 mota ta tashi ta faɗa cikin 'yan kallo a wannan fili, mutum sama da 80 suka mutu. Shingen da tsakuwar da motar asibitin da ke tsaye duk bayan an yi kuka aka same su.

Gaskiyar Maigida ɗaya ce, abin na cin kuɗi. Wuni guda, in ka haɗa kuɗin shiga da mai da abin da taya ta ci, ya haura jika ɗari da hamsin na sefa, kuma inshorar mota ta yau da kullum yawanci ba ta biyan ɓarnar da aka yi a fili. Mai aika kuɗin hatsi gida kowane wata ba zai yi wannan kullum ba. Shi ya sa na fi zuwa da akwatin sifanu fiye da hular kwano. Dattijon mai Clio yana ta matsa mini in shiga cikin masu ɗaga tuta, masu kayan ruwan lemo da ke tsaye a kowace kwana. Aikin sa kai ne, ba albashi, sai an yi horo an karɓi lasisin hukumar tseren motoci ta Faransa, FFSA, amma su ne ke kallon tseren awa 24 daga inda mai tikiti ba ya isa. Na karɓo takardun, saura in shawo kan mai garejinmu na Le Mans ya bar mini wannan makon na Yuni.