Mai cin zuma

Jiya a Garwa, wajen mai shayi, wani abokina da ya yi karatu a Rasha ya tambaye ni: "Malam, ka san yadda Rashawa ke kiran beyar, wannan dabba mai gashi?" Medved, in ji shi. Na kwana ina tunanin kalmar.

Masana sun mayar da ita ga *medvědь a tsohon harshen da ya haifi Rashanci da yarukan Poland da Cek. Alamar tauraro (*) da ke gabanta na nufin babu takardar da aka gan ta a rubuce. Kwatanta harsunan aka yi har aka gano siffarta. Kalmomi biyu aka haɗa: *medъ, zuma, da *ěd-, ci, wato mai cin zuma. Wannan "v" ta tsakiya kuwa tsohuwar "u" ce ta ƙarshen kalmarsu ta zuma (da can *medu ce), ta rikiɗe da ta haɗu da wasali. Suna ne na namiji, ƙarshensa na canzawa gwargwadon aikinsa a jimla.

Abin da ya kama ni shi ne dalilin: ana ganin tsoron ambaton sunan dabbar na asali ya sa suka yi mata laƙabi. Kakata ma ba ta cewa maciji da dare, sai igiyar ƙasa.