Yadda zaman shaguna bakwai ya gyara injin casar masararmu a Zariya

Shagona yana Sabon Garin Zariya, kuma tun ranar da maigidana ya yaye ni ban yi wata sana'a ba sai ƙera injinan sarrafa amfanin gona, musamman na casar masara da na ɓare gyaɗa. A wajensa na koyi walda da yankan ƙarfe, a wajensa kuma na ɗauko wata ɗabi'a wadda ban gane illarta ba sai da na yi shekaru ina cin gashin kaina, wato ɓoye awo. Duk lokacin da zai haɗa gangar inji, wadda ita ce mai haƙoran da ke raba ƙwaya da totuwa, sai ya aiki yara kasuwa, ko ya bari sai bayan magariba ya jawo ƙofa. Allah ya jiƙansa, ba rowa ce ta sa shi ba, domin haka ya tarar ana yi, kuma a ganinsa wannan awon shi ne gadon da zai bar wa 'ya'yansa. Ni ma da na buɗe nawa shagon haka na ci gaba da yi.

Wata kaka, wani mutum daga wajen Giwa da ya sayi inji a hannuna, yana yawo da shi gona gona yana yi wa manoma casa ana biyansa, ya shigo shagon riƙe da ƙullin leda. Bayan mun gaisa sai ya kwance ledar ya zazzage masara a kan teburin da nake awo, ya baza ta da tafin hannu, ya shiga tsinto fasassun ƙwayoyi yana tara su gefe guda. Kafin ya gama sun yi ɗan tudu. Ya ce, "Malam, ban zo faɗa ba, amma ka duba da idonka. Mai haɗa abincin kajin da ke sayen masarar mutanena ya ce ko ya rage kuɗin buhu ko ya daina saye, su kuma manoman sun fara kiran wani." Na ba shi haƙuri, na karɓi injin, na rage tsawon haƙora, na sake rariya mai manyan ramuka, na mayar masa. Fashewar ta ɗan ragu, amma sai ƙwaya ta riƙa bin totuwa tana zubewa. Haka na cinye kakar nan ina gwaji ni kaɗai, ina asarar ƙarfe da man janareta, kuma ban faɗa wa ko maƙeri ɗaya ba, don kada a ji cewa an dawo mini da aiki.

Abin da ya fara haɗa mu zama wuri guda tsadar kaya ce, babu wanda ya zo da niyyar koyar da wani. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, kuɗin farantin ƙarfe da rodi da sandar walda ya tashi, kuɗin mota kuwa ya kai matsayin da mutum ɗaya ba zai je Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano don faranti biyar ya fita da riba ba. Sai mu shaguna bakwai, daga Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru, muka yanke shawarar haɗa kuɗi mu riƙa sayo ƙarfe a mota guda. Don yin lissafi muka sa ranar Juma'a bayan la'asar, a rumfar babbanmu, wani dattijo da ya girmi kowa a sana'ar.

A zama na huɗu ko na biyar, an gama rabon lissafi ana shirin tashi, sai dattijon ya ce, "Ku dakata. A cikinku wa aka dawo wa da injin masara a kakar da ta wuce?" Kowa ya yi shiru. Da ya ga haka sai ya ce to shi an dawo masa da guda biyu, ya kuma lissafa duk abin da ya gwada bai ci nasara ba. Ina jin sa gabana yana faɗuwa, domin abin da yake faɗa shi ne daidai abin da na yi, har da jerin yadda na yi shi. Kafin a kira magariba mutum biyar cikin bakwai sun amsa cewa matsalarsu ke nan. Shaguna biyar sun ƙone ƙarfe da mai a kan gwaji iri ɗaya a cikin kaka ɗaya, wasunsu tsakaninsu bai fi tafiyar minti goma a ƙafa ba. Har yau idan na tuna wannan asarar raina yana ɓaci.

Da muka bi salsalar abin sai muka gano cewa dukkanmu, ta hannun iyayen gidanmu, daga tsohon inji iri ɗaya muka kwafo awonmu, kuma wancan injin da dizal mai juyi a hankali yake aiki. Da ƙananan injinan fetur irin GX160 suka yawaita saboda araha da sauƙin ɗauka, sai kowa ya ɗora su ba tare da ya sauya fuli ba, wato faifan da bel ke hawa yana juya ganga. Mun yi zargin a nan matsalar take, amma babu mai hanyar tabbatarwa a cikinmu.

A nan ne zama a Zariya ya yi mana rana. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda aka fi sani da IAR, ta faro tun 1922 a matsayin tashar binciken noma, ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma baya ga irin masara da wake da gyaɗa da take fitarwa, tana da masu aikin injinan noma. Na yi shekaru ina wucewa ta gaban ƙofarta ban taɓa tunanin akwai abin da ya haɗa ni da ita ba. Ɗaya daga cikinmu, mai shago a Samaru, yana masallaci ɗaya da wani injiniya da ke aiki a can, shi ya roƙe shi ya zo zamanmu. Ya zo da 'yar na'urar auna juyi wadda ba ta fi wayar hannu girma ba, ya ce a tayar da inji, ya ɗora ta a bakin sandar ganga, ya nuna mana lambar. Daga nan ya ɗauki alli ya yi lissafin a jikin faranti. Injin fetur ɗin yana juyi 3,600 a minti idan an sake masa wuta; fulin da ke kansa inci 3 ne, na ganga inci 12, don haka ganga tana juyi 900 a minti. Idan aka sa wa ganga fuli mai inci 16, juyin zai sauko 675. Ya ce haƙoran dukan masarar suke yi da ƙarfin da ya wuce kima, kuma muddin ba a rage gudu ba, gyaran haƙori ko rariya sauya wurin matsalar kawai zai yi. Lissafin da yaron sakandare zai iya ne, amma sai da wanda ya saba tunanin juyi da lamba ya tsaya a kan injinmu kafin muka gan shi.

Tun daga ranar muka fara gayyatar mutanen da ba maƙera ba, kuma a ganina wannan ne mataki mafi amfani da muka ɗauka. Mai haɗa abincin kaji ya bayyana mana dalilin da ya sa yake gudun fasasshiyar masara: ƙwaro ya fi saurin shigarta, fumfuna ma haka, kuma masarar da za a ajiye ana son damshinta ya sauka zuwa wajen kashi 13 cikin 100. Masu yawon casa suka ce masarar farkon kaka da ta ƙarshenta ba ɗaya ba ce, domin mai ɗan damshi tana ƙin barin totuwa, wadda ta bushe ƙayau kuwa da ɗan duka take tsagewa, ga shi kuma girman totuwa ya bambanta daga iri zuwa iri. Wannan maganar ce ta sa abokinmu da ya fi ƙwarewa a injin gyaɗa ya ce shi ai tun da daɗewa yake ɗora rariyarsa a kan kusoshi huɗu masu zare, yadda za a iya ɗaga ta ko a sauke ta gwargwadon girman gyaɗa. Shekaru yana yin haka a shagonsa, mu kuma muna walde tamu dam. Muka ɗauko dabarar muka sa wa injin masara, yanzu mai casa da sifana guda yake daidaita tazarar haƙora da rariya a bakin gona. Idan ana maganar sabuwar ƙirƙira mutane sukan zaci abu ne da ba a taɓa gani ba, amma tamu tsohuwar dabara ce da ta tsallaka daga wannan shago zuwa wancan.

Shawarar da ta fi sauya yadda muke aiki kuwa daga bakin mai sayar da kayan gyara ta fito. Ya ce injinanmu suna ba shi wahala, domin kowa da kaurin sandarsa, idan boris ya mutu a ƙauye sai an ɗauko inji gaba ɗaya an kawo gari. Muka amince duk mu koma sanda mai milimita 25 da boris mai gida lamba 205, wanda ake samu kusan ko'ina. Da awo ya zama ɗaya sai rabon aiki ya zo da kansa. Mai injin sassaƙa ƙarfe a cikinmu ya ɗauki sanduna da fuli na kowa, wani ya ɗauki fankar da ke hure ƙaiƙayi, ni kuma na yi wani ma'auni na ƙarfe da ke riƙe haƙora a mazauninsu yayin walda, na koma yi wa shaguna huɗu ganga. Murfin bel ma a wannan lokacin ya zama dole a wajenmu, bayan wani mai casa ya ba mu labarin yadda bel ya kama hannun rigar yaronsa, Allah ya taƙaita.

Ba duka ne ya tafi lami lafiya ba. Ɗaya daga cikinmu ya ɗauki sabon awon, ya yi amfani da faranti mara kauri, ya shafa fenti irin wanda muka saba, ya riƙa sayarwa ƙasa da kuɗin da kowa zai iya. Kafin kaka ta raba injinansa sun fara tsagewa a wajen walda, masu saye kuma ba su bambanta shago da shago ba, cewa kawai suke yi aikin 'yan Zariya ne. Zaman da ya biyo baya ya yi zafi ƙwarai. Mutum biyu suka ce a daina nuna wa juna komai, a koma sayen ƙarfe kawai, kuma ni kaina zuciyata ta karkata can, saboda kwanakin da na yi ina gyara ma'aunin nan sun tsaya mini a rai. Dattijon ya bari kowa ya amayar da abin da ke cikinsa, sannan ya ce, "'Ya'yana, laifinmu ne da muka buɗe ƙofa ba mu faɗi inda tabarma ta tsaya ba." Ranar muka shata iyaka. Matsalar da aka dawo da inji saboda ita, da duk abin da ya shafi lafiyar mai aiki, da awon da muka haɗu a kansa, na kowa ne, ɓoye su laifi ne. Sunayen masu sayen mutum da farashin da ya yi musu nasa ne, ba a tambaya. Wanda ya zo da sabuwar dabara yana da kaka guda shi kaɗai kafin saura su ɗauka. Kaurin faranti kuma an ƙayyade shi, kowane shago zai buga sunansa da lambar wayarsa a jikin inji. Shi wancan mai faranti mara kauri an cire shi daga sayen ƙarfe na tsawon kaka ɗaya, ya gyara injinan da ya sayar da kuɗinsa, daga baya ya dawo. Na fi ganin hikimar sharaɗin kaka guda ɗin nan a kan sauran, domin kafin a sa shi mutane sun fara jan ƙafa wajen kawo sabon abu, bayan an sa shi kuwa har rige-rige ake yi.

Ana yawan ba da misali da wuraren da masu sana'a ɗaya suka taru, irin Panteka, ko Nnewi a jihar Anambra, ko unguwar makanikai ta Suame a Kumasi ta ƙasar Gana, a ce taruwar ce ke haifar da ci gaba. Akwai gaskiya a ciki, domin inda shaguna suka yi yawa yaro yakan tashi daga wannan ya koma wancan da abin da ya koya, mai kayan gyara kuma yana jin koken kowa. Amma abin da na gani da idona ya nuna mini cewa maƙwabtaka kaɗai ba ta isa ba. Mun yi shekaru muna gaisawa, muna haɗuwa a suna da jana'iza, ba mu taɓa buɗe wa juna cikin ganga ba. Sai da aka sami dalilin zama a kai a kai, wanda kuɗi ne, aka kuma sami babban da ya yarda ya fara faɗin inda ya gaza a gaban na ƙasa da shi. Da ƙarami ne ya fara, ina kyautata zaton da shiru za a yi masa a tashi.

Yanzu akwai littafi mai bango baƙi a rumfar dattijon, duk injin da aka dawo da shi ana rubuta abin da ya same shi da abin da aka yi masa. Yarana uku kuma ba na aikensu ko'ina idan zan haɗa ganga; babbansu ne ma yake riƙe ma'aunin, kuma shi ya lura cewa idan aka jera haƙoran a karkace kamar zaren kusa, totuwa tana saurin fita ta baya. Abin da ke gabanmu a bana shi ne waken soya, wanda manoman wajen Giwa da Soba suke ta tambayarmu injinsa. Ƙwayarsa ta fi ta masara saurin rabewa biyu, karansa kuma yana naɗe ganga idan bai bushe sosai ba. Ganga uku masu haƙora daban daban suna jingine a bangon shagona, daga shaguna uku suka fito, kuma wani manomi a hanyar Shika ya yi mana alkawarin dami ashirin na farkon girbinsa don mu gwada su ɗaya bayan ɗaya a rana guda, injiniyan nan ma ya ce zai zo da na'urarsa.