Ramok ɗin Alhaji da maganar baƙin fenti

Ni aikina walda da fenti ne nan Tawa, shekara 17 ke nan ina kwanciya ƙarƙashin motocin mutane, yara huɗu gare ni a garaji. Satin da ya wuce wani Alhaji ya jawo min wata 'yar ramok irin wadda turawa ke kwana ciki in sunka shiga daji, taya biyu, gado guda da ɗan wurin aje kwanoni, hannu na biyu ya saye ta a Yamai. So yake ya riƙa kwana ciki in ya tahi duba shanunshi wajen Abalak, in Satumba ta kama kuma ya wuce Ingal bikin Kur Sale. Ya ce min malam a feshe mata baƙin nan mai kauri duka ƙasanta kar tsatsa ta ci min kuɗɗi. Na ce Alhaji Allah shi ba ka haƙuri bari in shiga ƙasanta tukuna.

Baƙin nan da muke ce ma blakson, gudron ne da roba a haɗe, kuma amfaninshi ya fi yawa can Turai da Amurka inda ake watsa gishiri bisa hanya lokacin ƙanƙara, ruwan gishirin nan shi ke cinye musu shasi. Mu nan ruwanmu daga Yuni zuwa Satumba ne, sauran wata takwas ƙarfe a bushe yake ƙayau. Abin da ke kashe mana ƙarfe tsakuwa ce, hanyar jan ƙasa taya na harbo ta tana feffeƙe fenti, sai damina ta zo laka ta maƙale cikin lungu ta kwana uku huɗu ba ta bushe ba, to nan tsatsa ke samun gindin zama.

Na taɓa yin kuskuren nan da hannuna shi ya sa nike da zafi a kai. Ina sabon buɗe garaji wani ya kawo pikop da ta hito daga Kwatano, iskar teku ta riga ta taɓa ta, ni kuma don sauri na feshe baƙin bisa tsatsar haka nan ban kankare ba. Ta yi kyau ƙwarai ranar. Damina biyu ya dawo, na sa turnabis na ɗaga baƙin ya ɓantalo kamar ɓawon icce, ƙasanshi da damshi, ƙarfen na marmashewa a yatsa kamar ƙanzo. Zafin Afrilu ya tsattsaga baƙin, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar hita. Da aljihuna na sake mishi ƙarfen wurin kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake.

To ramok ɗin Alhaji da na haska tocila, shasin ba galba ba ne, wato ƙarfen da aka lulluɓe da tutiya don kar ya yi tsatsa, baƙin ƙarfe ne mai fenti, da galba ne da na ce mishi ya wanke kawai ya tahi. Tsatsar sama sama ce sai wajen da aka yi walda kusa da mariƙin resor. Dandamalin kuma katako ne, kwantarfilake, kuma kusurwar baya ta hagu na danna da babban yatsa ta lotsa. Na hau sama na ga mastik ɗin bakin taga ya bushe ya tsage, ashe ruwan daga bisa yake sauka yana bin bango. Ka ga in munka toshe katakon nan ta ƙasa da gudron mun ɗaure ruwa ciki ke nan, ya ruɓe shiru ba mai gani sai ranar da ƙafar mutum ta burma.

Kwana uku munka yi kanta. Yara sunka wanke, munka bar ta a rana ta bushe, munka bi ƙarfen da buroshin waya har ya yi haske, jan antiruy mai hana tsatsa shafi biyu, sannan fentin mai. Blakson ɗin cikin gidan taya kaɗai na sa inda tsakuwa ke duka, ban bari ya taɓa burki ko wayoyin wuta ko lambar shasi ba. Ramukan da ruwa ke zurara ta cikin tiyon shasi duk na buɗe su da waya, ɗaya ma gidan zanzaro ne ya toshe shi. Kusurwar katakon na yanke na sa sabo, na shafe bakinshi da fenti don ta baki kwantarfilake ke shan ruwa, na sake mastik ɗin taga.

Wani yarona ya ce patron a zuba baƙin mai mana kamar yadda masu kamyo ke yi, na hana, yana kama rairayi kuma yana lalata roba.

Da Alhaji ya zo ɗauka ya leƙa ya ga ba baƙi ko'ina sai ya ɗan ɓata fuska, na miƙa mishi guntun ruɓaɓɓen katakon ya murza da hannunshi ya yi shiru. Na ce Alhaji ƙasar Ingal gishiri gare ta, ranar da ka dawo kar ka kai ta gida, biyo da ita nan mu wanke ƙasanta da ruwa mai yawa, wankin kyauta ne.