Inda na kwana da kwilt ɗina na lifidi, mako na 9

Salamu alaikum 'yan uwana masu koyo, ya ɗinki ya hidimar gida. Kwana biyu kun ji ni shiru, ba ajiye aikin na yi ba, farke shi na yi. Kusan rabin fuskar na kwance da hannuna, dare huɗu ina zaune ina tsinke zare, kuma dalilin nake so in faɗa muku yau tun kafin wata ta faɗa ramin da na faɗa har sau biyu.

Saboda sabbin da suka shigo cikinmu bari in ɗan koma baya kaɗan. Kwilt dai hawa uku ne, fuska wadda ake haɗawa da ƙyallaye, auduga a tsakiya, sai yadin baya, a bi su da ɗinki ya ratsa duka ukun. Akwai na rufa a gado, akwai kuma irin namu na ratayewa a bango wanda ake kallo kamar zane, shi ne ake kaiwa baje koli. Babban wajen da kowa ke hange a nan Amurka shi ne Quilt National, ana yin sa duk bayan shekara 2 a garin Athens na jihar Ohio, tun 1979 aka fara, Nancy Crow da abokan aikinta ne suka kafa saboda a lokacin wuraren baje kwilt na gargajiya ba sa karɓar irin aikinsu. Ginin ma da ake yi a ciki, Dairy Barn, asalinsa garken shanun madara ne. Daga Columbus inda nake zaune kamar awa ɗaya da rabi ne a mota, na je na gani da idona, wlh na fi minti 20 a gaban wani guda ɗaya, in matsa kusa in ga zaren in ja baya in ga wani abu daban kamar ba shi ba. Ɗaruruwa ake turawa, 80 da ɗoriya ake ɗauka. Ni ban kai nan ba tukuna, ƙananan wurare nake gwadawa, amma tsarin kusan ɗaya ne.

Bara na tura na farko wani ƙaramin baje koli, ba a ɗauka ba. Na ji zafi sosai don wata biyar na yi a kansa, kuma atamfofi ne masu kyau na gaske na zuba. Na kai shi taron ƙungiyarmu ta masu kwilt, wata dattijuwa da ta daɗe a harkar ta rataye shi, ta ce in ciro wayata in ɗauki hoto in mayar da shi baƙi da fari. Na yi. 'Yan uwa abin da na gani toka ce kawai, tun daga sama har ƙasa, jan da kore da ruwan goro da nake ta alfahari da su duk sun zama abu ɗaya, ba inda ido zai sauka. Ta ce to haka masu tantancewa suka gan shi.

Nan ne na gane yadda abin yake. Masu tantancewa ba sa taɓa kwilt ɗinki, ba sa ma ganinsa ido da ido sai bayan an ɗauka. Hoto ake tura musu, ɗaya na gaba ɗaya ɗaya na kusa, babu sunanki a jiki, kuma hotuna ne birjik suke bi ɗaya bayan ɗaya. Duk tsadar atamfarki da labarin da ke bayanta ba su sani ba. Abin da ya fara kama ido daga nesa shi ne ina duhu ina haske, launi daga baya yake zuwa. Matsalar atamfa kuwa yawancinta tsaka-tsaki ce, ba ta yi duhu sosai ba ba ta yi haske sosai ba, ga zane ya cika ko'ina, in kika jera goma kowacce tana ihu ba a jin ko ɗaya.

To wannan na biyun da nake kai, faɗinsa inci 38 tsayi inci 52, daga lifidi na ɗauko shi. Ina ƙarama kawuna yana ɗora ni a wuya ranar hawan daushe a Kano, abin da ya tsaya min a rai har yau ba rawuna ba ne, dawakan nan ne da aka lulluɓe da lifidi, yadi kan yadi an cusa audugar rimi an bi da ɗinki layi layi ya kumbura. Sai da na fara koyon wannan sana'ar a nan na ce ashe mu ma muna da shi tun zamanin yaƙi da kibiya, hawa uku ne shi ma. Ba doki nake zanawa ba, siffar rigar kawai nake so, yadda take saukowa da nauyi, da dalar nan masu kusurwa uku ja da shuɗi da rawaya.

Kayan aikin Inna ce ta aiko min, leda biyu na ƙyallaye da ta tattaro wajen telanmu, da yadi 4 na rinin baba daga Ƙofar Mata. Cikin ledar har da ragowar wata atamfarta da na san ta da ita tun ina firamare, kore mai ganye. Ita na sa a tsakiya, na kewaye ta da sauran, ina jin daɗi ina ɗinki, mako 6 cur ban ɗaga waya na yi gwajin nan ba saboda a zuciyata na riga na koyi darasi. Ranar da na yi, tokar nan ce dai ta dawo, tsakiyar gaba ɗaya ta nutse. Na zauna a ƙasa na daɗe ina kallon bangon.

Abin da na yi shi ne na kwance, na baje ƙyallayen duka a ƙasa na raba su kashi 5 daga mafi haske zuwa mafi duhu, ina duba su ta cikin waya ba da ido ba don ido yana ruɗuwa da launi, ja musamman, sai ki rantse yana da haske ashe duhu gare shi. Kashi na uku ya tara tsibi guda, na ɗaya da na biyar ɗan kaɗan. Sai na yanka rinin baban nan mai kusan baƙi na yi gefen hagu da ƙasa da shi, na samo farin alawayyo na jiƙa a ruwan shayi ya ɗan yi ruwan madara na sa a sama ta dama, yanzu haske yana gangarowa a karkace kamar rana ta bugi doki ta gefe. Atamfar Inna kuma da na sa mata faɗin tafin hannu biyu yanzu 'yan dala 7 ne ƙanana a cikin duhun, kuma wallahi yanzu ne ake ganinta, da can ɓacewa ta yi. Ragowar na ninke na ajiye, ban iya ƙara sa mata almakashi ba.

Don Allah duk wadda ba ta da bangon gwaji ta yi. Nawa allon soso ne irin na gini, ƙafa 4 da ƙafa 8, na lulluɓe shi da yadin flanel, ƙyalle yana mannewa ba sai da fil ba. Aiki a kan tebur ko a ƙasa ba ya nuna miki gaskiya tunda a tsaye za a gan shi. Yanzu kullum kafin in kashe fitila sai na ja baya taku shida na ɗauki hoto ɗaya mai launi ɗaya baƙi da fari.

Maganar rini kuma, baba yana zuba, wannan kowa ya sani, amma a kwilt abin ya fi muni don yana maƙwabtaka da fari. Sau 5 na wanke shi kafin in yanka, ina gwadawa da farin ƙyalle mai laima, in goga, sai da ya daina fitowa da shuɗi sosai. Shadda ma na gwada, 'yar kaɗan na bari, santsi gare ta tana zamewa a ƙarƙashin keke kuma in kika farke ramin allura yana zama. Ƙyallinta ma a hoto fari yake fitowa.

Yanzu ina kan ɗinkin ratsawa, nan ne aikin yake da daɗi kuma nan ne yake da wuya. Auduga biyu na sa, siririya ta auduga a ƙasa, ta ulu a sama, don in samu kumburin nan na lifidi, ulu yana tashi ba ya kwanciya. Na kama hawa ukun da fil mai makulli, tazarar tafin hannu tsakanin kowanne, na fara daga tsakiya ina fita waje. Layukan miƙe da keke nake yi da ƙafar nan mai jan sama da ƙasa tare, allura lamba 90/14, in ba ƙafar ba bayan sai ya tattare. A cikin duhun kuma da hannu nake bi, zare mai kauri lamba 8, ja, manyan taku yadda za a gan su daga nesa. Yatsana na tsakiya har ya yi kanta amma in na shafa wajen na ji tudu da kwari a tafin hannuna sai in ji kamar in kwana ina yi.

Wani kuskuren da na yi, na cika ɗinki a ƙasa, layi kusa da layi tazarar rabin inci, sama kuma na bar shi sakayau inci 2. Da na rataye sai ƙasan ya tsuke saman ya buɗe, gefen yana lanƙwasa kamar igiyar ruwa. Duk inda ɗinki ya yi yawa yadi yana shigewa, na auna na ga kusan inci 1 ya tafi a faɗin ƙasan. Dole in ƙara layuka a sama su yi kusa da juna, in na gama kuma zan fesa masa ruwa kaɗan in shimfiɗa a allon in ja shi da fil ya daidaita da rula ya bushe a haka. Ina tsoron wannan matakin saboda baban, shi ya sa na haɗa wani ɗan ƙarami inci 12 da ragowar yadin zan fara gwadawa a kansa.

Baki ba zan yi masa irin na bargo ba, zan juya shi baya ne yadda daga gaba ba za a ga komai ba, zanen ya tafi har ƙarshe. Sai aljihun sandar ratayewa a baya, inci 4 yawanci ake nema, kuma a bar masa ɗan sako-sako don in sanda ta shiga kar ta turo fuskar gaba. Na farkon nan na ɗinke shi tam, tudun sandar ya fito a hoto ƙarara. Sai ɗan ƙyalle a kusurwar baya mai suna da sunan aikin da shekara.

Hoto kuwa na yanke shawara wannan karon ba zan yi shi a gurguje daren rufewa ba. Bango fari ko ruwan toka, duka gefe huɗu su fito, ba hannu ba ƙafa ba kujera, kamara daidai tsakiyar kwilt ɗin ba daga sama ko ƙasa ba in ba haka ba sai ya fito kamar an karkace shi. Fitila biyu hagu da dama a karkace, kar a kunna filashi don yana shafe tudun ɗinkin. Na kusa kuma a zaɓi inda aikin hannu ya fi fitowa, ni wajen jan zaren nan zan ɗauka inda ya ratsa koren Inna.

Ku riƙa karanta ƙa'idar kowane baje koli tun daga farko har ƙarshe kafin ku biya kuɗin shiga don ba a mayarwa. Wasu suna da iyakar girma, wasu sai aikin da aka gama cikin 'yan shekarun nan, wasu ba sa son wanda aka riga aka baje a wani wuri, kuma irin su Quilt National sai naki na kanki, ba wanda kika kwafa ko kika yi a aji malama na riƙe miki hannu ba. 'Yan uwanmu na Ingila ku kuna da sauƙi ɗaya, Festival of Quilts da ake yi a Birmingham duk shekara yawancin rukunansa ba a tantancewa, kin yi rajista za a rataye miki sannan alƙalai su duba, wannan wajen fara gwada ƙafa ne mai kyau. Ƙungiyar SAQA kuma, ta masu kwilt ɗin ratayewa a bango, da Yvonne Porcella ta kafa a 1989 suna fitar da kiran baje koli akai akai, a nan nake ganin yawancin waɗanda nake bi.

Abin da ya rage min mai wuya shi ne ɗan bayanin da ake rubutawa tare da hoto, layi kaɗan ake ba ki. Na rubuta sau uku ina gogewa, kullum sai in tsinci kaina ina ba da tarihin hawan sallah gaba ɗaya. Kalmar lifidi dai zan bar ta yadda take a sunan aikin, in yi bayani a jimla ɗaya.

Wannan satin in Allah ya yarda zan gama layukan sama, saura 22 na ƙirga jiya, sannan gwajin ruwa a kan ɗan ƙaramin ranar Asabar. Wadda ta taɓa jiƙa rinin baba kusa da fari bayan an gama ɗinki ta faɗa min da ruwan sanyi ta yi ko da ɗumi, da kuma ko ta shimfiɗa tawul a ƙasa, ina so in ji kafin Asabar ɗin.