Daƙiƙa Casa'in da Ba na Sayarwa Ba

Lokacin da nake karatun digiri na biyu a Amurka, na samu aikin wucin gadi a sashen talla na ofishin wasannin jami'armu. Ranar wasan ƙwallon ƙafar Amurka, nakan zauna a wani ɗaki can saman filin da takardar jadawali a hannu, ina sanar da mai kula da lasifika abin da zai saka duk sanda aka tsayar da wasa. Kusan kowane hutu yana da mai shi, wannan na banki, wancan na dillalin motoci.

A jami'ar akwai al'adar da ta girmi kowa a ofishinmu: idan rubu'i na uku cikin huɗun da ake raba wasan ya ƙare, 'yan badujala su busa taken makaranta, ɗalibai su dafa kafaɗun juna suna rerawa. Wata Asabar aka sayar da wannan hutun, ni kuwa na ba da umarni a saka tallan kamar yadda aka rubuta. Ta taga na hango jagoran 'yan badujala ya riga ya ɗaga hannu, sai ya sauke shi a hankali. Wani dattijo mai koɗaɗɗiyar hula, riƙe da hannun jikansa, ya waiga yana neman inda busar ta maƙale. Can sai ɗalibai suka ɗauki taken da baki, ba kiɗa ba busa, har muryarsu ta danne lasifikarmu. Kunyar da na ji a ranar ba ta sake ni ba har yau.

Ba na zargin masu neman kuɗin, domin ɗawainiyar ta yi nauyi. Tun 2021 aka halatta wa ɗalibai 'yan wasa samun kuɗi da sunansu, daga 2025 kuma jami'o'i suka fara biyansu kai tsaye. Kuskurenmu shi ne mun ɗauka duk wani lokacin da ba a buga ƙwallo namu ne, alhali waɗansu lokutan 'yan kallo sun daɗe da mallake su.

Da na bi tarihin irin waɗannan al'adu, na ga daga jama'a suke samun rai. A Jami'ar Texas A&M ɗalibai suna kallon wasa a tsaye daga farko har ƙarshe, don tunawa da E. King Gill, ɗalibin da aka kira daga cikin jama'a a 1922 ya sa kayan wasa, ya tsaya a shirye saboda raunuka sun rage 'yan wasan. A Jami'ar Iowa, tun 2017, idan rubu'in farko ya ƙare, filin wasanta na Kinnick gaba ɗaya yakan juya ya ɗaga hannu ga yaran da ke jinya a asibitin da ke kallon filin, kuma wata mai goyon baya ce ta kawo shawarar a Facebook. Labarin Jami'ar Wisconsin ya fi tsaya mini a rai, domin tsalle-tsallen da ɗalibai ke yi kafin rubu'i na huɗu daga sashen talla ya samo asali a 1998. Duk da haka, da hukuma ta dakatar da shi a 2003 saboda fargabar aikin ginin da ake yi a filin, ɗalibai suka tayar da ƙayar baya har aka mayar da shi cikin 'yan kwanaki. Abin ya riga ya bar hannun ofis.

A taron Litinin na roƙi shugabarmu ta bari a mayar da tallan zuwa hutun rabin lokaci, ta amince bayan doguwar muhawara. Daga ranar, a gurbin ƙarshen rubu'i na uku, da hannuna nake rubuta cewa a kashe lasifika na daƙiƙa casa'in, kuma ina tsaye a bayan mai kula da ita har sai 'yan badujala sun sauke ƙahonninsu.